Amsoshin Tambayoyinku: Shin da gaske Arsenal ta taɓa kammala kaka ba a doke ta ba?

Arsenal ta kafa wannan tarihi a kakar 2003/2004 ƙarƙashin mai horarwa Arsene Wenger, amma a gasar Firimiya kaɗai. Cikin wasanni 38 ta ci 26, ta yi canjaras 12, ta tara maki 90, tazarar maki 11 tsakaninta da Chelsea. Ta zura ƙwallo 73, Thierry Henry ne ya ci 30 daga ciki. Nwankwo Kanu na Najeriya yana cikin tawagar.

A watan Satumban 2003 ta tsallake rijiya da baya a Old Trafford. Ana dab da tashi aka ba Manchester United fenariti, Ruud van Nistelrooy ya buga, ƙwallon ta daki ƙarfen sama ta dawo, aka tashi babu ci. Ranar 25 ga Afrilun 2004 ta lashe gasar a filin Tottenham, bayan an tashi 2-2.

A gasannin kofuna kuwa ta sha kashi. Middlesbrough ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na League Cup. Manchester United ta doke ta 1-0 a irin wannan mataki na Kofin FA, sannan bayan kwana 3 Chelsea ta cire ta daga Gasar Zakarun Turai.

Kafin Arsenal, Preston North End ce kaɗai ta yi haka a babbar gasar Ingila, a kakar 1888/1889, cikin wasanni 22.