Yadda Ake Gane Faɗuwar Damina a Ƙasar Haɗejiya

Kowace shekara, da zarar ruwan farko ya kwantar da ƙura a watan Mayu, sai ka ji masu fatawa ba da ilmi ba suna cewa a fita shuka, alhali kuwa irin da yawa yakan salwanta a wannan gaggawa, tun daga Malam Madori har Birniwa. Sanin gaibu sai Allah, amma Ya sanya wa damina sabubba da alamomi, kuma wanda ya lazimci lura da su ba ya rasa fa'ida.

Asalin al'amarin zafi ne. Idan rana ta gasa ƙasa a Afrilu da Mayu, har ma'auni ya haura digiri 40, iskar da ke bisa ƙasar takan yi sauƙi ta tashi sama, sai iska mai laima ta taso daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, tana tura busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Matuƙar kuwa wannan mai laima ba ta zauna da gindinta ba, duk ruwan da ya sauka baƙo ne.

Da farko, nemi ma'aunin zafi na gilashi, kuɗinsa ba wani mai yawa ba ne, kuma na fi son shi a kan mai batir, wanda ƙura da zafi ke kashewa. Rataye shi a inuwa daidai ƙirji, nesa da rufin kwano da bangon siminti.

Na biyu, ɗaura ƙyalle a kan dogon gora, ka riƙa duba inda iska ke fitowa kowace safiya. Kada hadarin gabas ya ruɗe ka, domin hadari daga gabas yake zuwa, amma laimar da ke ciyar da shi daga kudu take.

Na uku, kuma nan mas'alar take: karanta ma'aunin sau biyu, da asuba da bayan azahar, ka rubuta tazarar da ke tsakaninsu. Mutane sukan dubi zafin rana kaɗai, wanda ba ya gaya maka komai face abin da jikinka ya riga ya sani. A lokacin da iska take a bushe, ƙasa takan saki zafinta da dare, shi ya sa tazarar take da faɗi. Amma idan laima ta shigo, tururin ruwa yakan tsare zafin, dare ya yi gumi, tazarar ta ƙuntata.

Sharaɗin shi ne ƙuntatar ta ɗore kwanaki a jere, tare da ƙyallen yana nuna iskar kudu, domin laima takan leƙo kwana biyu ta koma. Shaidu na cikin gida su ne gishiri ya yi danshi, ruwan randa kuma ya daina sanyin da aka saba, saboda iska mai laima ba ta shan zufar randa sosai.

Na huɗu, ajiye gwangwani mai faɗin baki daidai da gindinsa a fili, ka auna ruwansa da rula. Masana noma sukan nemi milimita 20 a cikin kwana uku. Bayan haka tona ƙasa, in danshi bai kai taƙi guda ba, dakata, musamman a jigawa, inda rairayi ke saurin zafi ya ƙone tsiro. A ƙasar Haɗejiya galibi sai Yuni ya shiga sosai ake samun natsuwa.

Na biyar, mai gona a fadama ya sani cewa samansa ba shi ne hujja ba a batun ambaliya, domin ruwan Kogin Haɗejiya daga kogunan Kano da Challawa yake zuwa, ta madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ga kuma ciyawar kacala ta toshe magudanai, kamar yadda mutanen Auyo da Kafin Hausa suka gani a ambaliyar 2022. Daga Agusta, saurari labarin ruwan Kano da hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo.

Saboda haka, ɗan'uwa manomi, riƙe irinka har alamomin nan su haɗu, sa'an nan ka shuka, ka dogara ga Allah.