Darasin Damina: Ruwan da Ke Cin Gindin Katanga

'Yan'uwa, mu da ke Sule Tankarkar da maƙwabtanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa ba mu da babban kogi. Kogin Haɗeja yana can kudu da mu, wajen Ringim da Auyo da Haɗeja. Shi ya sa idan muka ji maganar ambaliya a rediyo sai mu ɗauka ta mutanen bakin kogi ce, mu ƙasarmu rairayi ce, za ta shanye. A damina ta 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, jihar Jigawa kuma tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Cikin waɗanda aka rasa akwai waɗanda ba su je kusa da kogi ba, ɗaki ne ya faɗo musu.

Ruwan sama ya canza hali. Dattawanmu sun san farin 1973 da na 1984, lokacin da tabkuna suka ƙafe har aka yi gini a kwarin da a da ba a kusanta. Masana da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun bayyana a 2017 cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwan da a da yake zuba a hankali, yanzu yakan sauko a dare ɗaya.

Bari mu yi ɗan lissafi. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Rufin ɗakin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 5, idan aka yi ruwa milimita 50, zai karɓi lita 2,500, wato jarka 100 mai cin lita 25. Ina wannan ruwa yake zuwa? Idan indararo ya toshe, yana zaune a kan soro, ƙasa tana jiƙa, nauyi yana ƙaruwa a kan azara. Idan indararo gajere ne, yana zubowa daidai gindin katanga.

A gindin nan ne ɓarna take farawa. Ginin ƙasa yana da ƙarfi muddin ƙafarsa a bushe take. Da ruwa ya kwanta a jikinsa kwana biyu ko uku, ƙasar takan sha, ta yi laushi daga ƙasa, alhali sama tana nan da kyaun gani. Lokacin marka, a watan Agusta, babu ranar da za ta busar da ita. Tsufan gini ko girmansa ba ya hana wannan: a watan Satumba na 2024 tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe bayan ruwa mai yawa.

Katanga takan ba da sanarwa kafin ta faɗi. Mu duba ko danshi ya hau jikinta, ko ta tsage a kusurwa, ko ƙofa ta fara cijewa, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, ko gara ta ci kan itacen. Idan muka ga ɗaya daga cikin waɗannan ana tsakiyar ruwa, kada kowa ya kwana a ɗakin. Mun san abin da ke hana mutane fita: kunyar kwana a gidan wani, da tsoron barin kaya. Don haka ya kamata dattawan ikilisiya su sanar tun kafin damina cewa majami'a, in gininta mai ƙarfi ne kuma a kan tudu take, a buɗe take ga duk maƙwabcin da ɗakinsa ya jiƙa, ba sai an tambayi addininsa ba.

Aikin gyara na rani ne. A sake yaɓe, a sa dogon indararo, a tara ƙasa a gindin katanga ta gangaro waje, a ɗaga rumbu a kan duwatsu. A kwashe shara da leda daga hanyar ruwa da bakin kwalbati. Kududdufin da muka haƙa muka yi gini shi ne ke cika ya dawo mana cikin gida, kuma nan yara suke nutsewa. A ɗaga bakin rijiya, domin ruwan da ya bi ta masai ya shiga rijiya shi ke kawo amai da gudawa. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha.

Sai batun tsawa, wadda ta fi samun manoma da makiyaya. Ƙarar tsawa tana tafiyar kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. Idan muka ga walƙiya muka ƙirga, aka yi tsawa kafin mu kai 30, to tana kusa, a bar gona. Kada a fake a gindin itace guda da ke tsaye a fili, ko kuka ce ko gawo. A jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taɓa shi, a taimake shi, a kai shi asibiti da sauri.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma karanta gargaɗinta a rediyo. A zaɓi mutum ɗaya ya riƙa saurare yana faɗa wa jama'a bayan sujada.

A taron wannan mako, bari zumuntar mata da matasa su zana taswirar ƙauye a ƙasa. A nuna inda ruwa ya kwanta bara, da inda ya bi ya fita. A sa tsakuwa a kan kowane gida da tsoho ko gwauruwa ko mara lafiya ke kwana a ɗakin ƙasa, a kuma faɗi sunan wanda zai je ya buga musu ƙofa idan ruwa ya wuce tsakar dare bai ɗauke ba.