Kaza ba ta son sakaci, 'yata

'Yata, tunda kin shiga ɗakinki kin fara riƙe tukunya, zo in gaya miki wani abu game da kaza.

A zamaninmu a tsakar gida ake yanka ta, a fige, a gyara, kafin la'asar ta shiga tukunya. Ba ta kwana ɗanya. Ku kuwa kun samu firji, sai kuke ganin duk abin da aka jefa ciki ya tsira. Ɗanyar kaza kwana 1 zuwa 2 kawai take yi a firji. In ba yau ko gobe za ki dafa ba, ki raba ta a leda daidai girkin rana guda, ki sa a firiza. A firjin ma can ƙasa za ki ajiye ta, cikin roba mai murfi, kada ruwanta ya ɗiga kan nonon yara.

Ruwan nan shi ne abin tsoro. Kaza na ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinta, irin su Salmonella, masu sa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ba su da wari. Sai ki shinshina ki ji lafiya lau, alhali suna nan. Don haka wajen cire kayan ciki ki bi a hankali, kada hanji ya fashe. In za ki wanke, a kwano za ki yi, ban da sakin famfo a kanta yana fallatsa ko'ina. Wuƙa da katakon da suka taɓa ta, da hannunki, duk su sha sabulu kafin ki taɓa latas ko tumatir, tunda su ba za su ga wuta ba.

In an ɗauke wuta, ki hana yara buɗe-buɗe. Firji a rufe yakan riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakke kuwa kwana 2. Kin ga wutar ba ta da niyyar dawowa? Dafa naman tun yana da sanyinsa. Wanda ya narke har ya yi ɗumi, zubar da shi. Na san kaza ta yi tsada, amma ki daure.

Wajen dahuwa ki tsaga cinya har ƙashi, ki tabbatar ta nuna, babu ja. Ragowar farfesu kuma kada ta wuce awa 2 a waje, da bazara awa 1.

Allah ya yi miki albarka. Ki gaishe da maigidan.