Kafin Ka Sauke Injin Motar Mahaifinka

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka tara kuɗin rakenka na bana, kana shirin shiga Kano ka sayo injin Camry a ɗora wa J5 ɗin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya bar muku. Da farko dai Allah ya yi maka albarka da ka riƙe motar nan. Samari da yawa da tuni sun miƙa ta ga 'yan gwangwan an auna a sikeli. Na kuma san abin da ke ci maka rai. In ta ɗauko kaya daga Rogo Ruma ta doshi Karaye, da ta tarar da hawa sai ta kama nishi, hayaƙi na bin bayanta, kana ƙara baƙin mai kusan kowace tafiya. Dukiyarku ce, ba zan hana ka ba. Amma ni wan mahaifinka ne, kuma da sitiyari na ci abinci, don haka ka ba ni aron kunne kafin a kwance noti ko ɗaya.

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. An ƙera J5 daga 1981 zuwa 1993, a wata masana'anta da ke Italiya wadda Peugeot da Fiat suka haɗa hannu suka kafa, shi ya sa Fiat Ducato da Citroën C25 na wancan zamani suke kamar an tsaga kara da ita. Injin feturinta mai lita 2 ɗan gida ɗaya ne da na 504, motar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗawa a 1975. Wannan ne dalilin da ya sa bakaniken da ya koyi aiki a kan 504, a Rogo yake ko a Gwarzo ko a Makarfi, da ya ɗaga murfin J5 ya san inda zai sa hannu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a duk injunan da masu ƙera motar suka taɓa sa mata, na fetur da na gas, har da mai tabo, babu wanda ya kai ƙarfin doki 100. Injin Camry mai lita 2.2 da aka kwaɗaita maka kuwa yana wajen 130. Waɗanda suka zana motar ba rashin manyan injuna ne ya hana su ba. Sun auna giya da kuloci da shaf da lagireto da birki, suka zaɓi injin da waɗannan za su iya ɗauka.

Wanda ya ba ka shawarar zai ce ai duka biyun a kwance suke a gicciye, duka tayoyin gaba suke ja, don haka zai zauna. Zama kam zai zauna, domin mai walda ba ya rasa dabara. Tambayar ita ce da wace giya za a haɗa shi. In aka bar giyar J5, bakin injin Toyota ba ya haɗuwa da ita, sai an yanko faranti an huda an haɗa su, kuma ɗan kuskuren da ido ba ya gani a wurin ya isa ya riƙa cinye kuloci da boris. In kuma aka kawo injin da giyarsa, to giyar motar gida ce, an tsara ta don mutum biyar da jakunkunansu a kan kwalta. Ka ɗora mata buhunan masara ka ce ta tashi daga cikin yashi, sai ka ƙona kuloci kafin taya ta juya. Sannan shaf ɗin Toyota ba zai shiga ƙafar J5 ba, sai a yanke na wannan a yanke na wancan a haɗa da walda. Na taɓa riƙe irin wannan shaf a hannuna bayan ya karye. Daga waje waldar ta yi kyau, an goge ta sumul. A ciki kuwa wuta ba ta ratsa ba, tsakiyar ƙarfen fari fat, bakin da'irar kawai ya kama. Da wannan siririn zoben motar take jan kayanta da mutanenta, kuma a hawa ya saki.

Zafi ma yana nan. Inji mai ƙarfi ya fi fitar da zafi, lagireton tsohuwar mota kuma rabinsa ya toshe da laka da tsatsa. A watan Afrilu, da cikakken lodi, kana tafiyar hawainiya a hanyar gona inda iska ba ta bugun gaban mota, nan ne gaskit yake ƙonewa.

Amma duk waɗannan asarar kuɗi ce, kuma kuɗi ana mayar da shi. Abin da ya hana ni barci shi ne birki. Sabon inji zai ƙara maka ƙarfin tafiya, ba zai ƙara maka ƙarfin tsayawa ko kaɗan ba. Birkin zai kasance wanda aka san shi, faifai a gaba, ganga a baya, da tiyo da ya shekara 30 yana shan rana. Kuma nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi ya bar shi. In ka ninka gudu sau 2, filin tsayawa sau 4 yake ninkuwa. Ko daga kilomita 80 zuwa 100 a awa, abin da kake bukata kafin ka tsaya ya ƙaru da fiye da rabi. Ka tuna hanyoyin da kake bi: shanu na tsallakawa, yara na dawowa daga makarantar allo, mai babur ya ɗauko rake a gicciye ya fito daga lungu ba ko waiwaye. A yanzu raunin injin nan shi ne yake riƙe da kai. Ranar da motar ta fara amsa totur da sauƙi, ƙafarka za ta saba, ba don kai mai ganganci ba ne, haka ɗan Adam yake. Tun watan Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu, saboda gawarwakin da jami'anta suke kwashewa a kan titi.

Bari in faɗa maka abin da nake zaton yana ƙarƙashin wannan sha'awa, kuma kada ka ji haushina. Yawancin masu neman babban inji lodi suke so su ƙara. J5 iri-iri ce, amma abin da aka ƙera ta ta ɗauka yana tsakanin tan 1 da ƙasa da tan 2. In buhun masara kilo 100 ne, ka ga ƙaramar motar buhu 10 za ta ɗauka ke nan, babbar kuma ba ta kai 20 ba. Kai ka san nawa ake loda mata in za a Dawanau, har a bar ƙofar baya a buɗe a ɗaure da igiya. Na san matsin da ke sa haka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa, kowane direba yana so sawu ɗaya ya biya kuɗin biyu. Sai dai inji yana jan kaya ne kawai, ba shi yake ɗauke da su ba. Sifirin ne da boris da taya da ƙashin motar suke ɗauka. Nishin da take yi a hawa gargaɗi take maka cewa kayan sun yi yawa. In ka sa injin da zai haye da su ba nishi, nauyin yana nan, ka dai daina jin gargaɗin, sai ranar da tayar baya ta fashe a gangara. Kuma ba kai kaɗai ne a ciki ba. Akwai yaron motarka, ɗan mutane da aka ba ka amana, akwai masu kayan da suke zaune a gaba.

Zan yi wa injin Toyota adalci. Inji ne mai aminci, kuma lafiyayyen injin injekta ya fi gajiyayyen kafireto tattalin mai. Amma wanda za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, irin na Camry ɗin da aka daina ƙerawa tun wajen 2001, shi ma ya haura shekara 20, ya gama aikinsa a wata ƙasa kafin a tsinko shi. Yana zuwa da ƙwaƙwalwarsa da tarin wayoyi, yana bukatar famfon mai mai matsi sosai, kuma ba ya yafe ƙazamin fetur. Kai kuwa wani lokaci dole ka sayi na 'yan bumburutu a galan. In kafireto ya toshe a tsakanin Zarewa da Fulatan, da sukudireba za ka kwance shi, ka wanke, ka busa, ka kama hanya. In waya ɗaya ta tsinke a cikin waɗanda mai wayarin ya harhaɗa da salatif, shi kaɗai ya san inda ya bi da ita, kuma yana Kano. Mota mai jikin Peugeot da cikin Toyota da shaf ɗin mai walda, duk bakaniken da ka kai wa sai ya fara da tambayar wa ya yi wannan aikin. Ranar da za ka sayar da ita ma, mai saye wannan tambayar zai yi, ya rage kuɗi.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka fara bincikar injin da ke ciki, domin sau da yawa wanda ake cewa ya mutu gajiya ce kawai. Ka kai ta wurin tsohon bakaniken Peugeot, ka ce a cire fulogi a auna matsin kowace silinda da agogon awo, kana tsaye kana gani. In huɗun sun yi kusa da juna, to matsalarka tana wajen kafireto, ko saitin wuta, ko bawul, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta cushe, ko kulocin da ke zamewa yana zubar da ƙarfin kafin ya isa taya. Ka kuma ɗaga ƙafafun baya a juya su da hannu, domin birkin da ke kamawa yana sa mota ta yi nauyi kamar an ɗaure ta. In kuma matsin ya faɗi, injin nan yana da wata falala da masu ƙera shi suka yi masa: silif ɗinsa zarewa ake yi. A sa sabon silif da fistin da ringi da metal, a wanke kan injin, sai ya dawo kusa da yadda mahaifinka ya san shi, da kuɗin da bai kai na dashen baƙon inji ba in ka haɗa da walda da wayarin da komawa gareji.

In har ya tabbata ba ya gyaruwa, to ka nemi na gidansu. Injin J5, ko na C25, wanda zai zauna a kan kujerunsa na asali ya haɗu da giyarsa ba tare da an kunna wutar walda ba. Ko masu Hayis da suka san aiki haka suke yi, in za su ƙara ƙarfi daga 1RZ sai su koma 2RZ, ba su fita dangi ba. In na gas mai lita 2.5 ya ba ka sha'awa saboda ƙarfin jan kaya, ka sani ya fi nauyi, kuma ya kamata ya zo da giyarsa da lagiretonsa da babban batir, a kuma wanke tanki da layin mai. Kada ka saya a hoto ko ta waya. Ka je Ƙofar Ruwa da bakanikenka, a buɗe murfin baƙin mai ka leƙa. In ka ga abu kamar madara ya kama murfin, ruwa ya haɗu da mai, ka wuce gaba. A juya injin da sifana ka ji ko yana tafiya ba cijewa. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, a gaban shaida.

Duk abin da ya ragu a kuɗin, birki ne farko: sabon tiyo, sabon mai, takalman gaba da na baya, sai tayoyi masu ɗaukar kaya, ba na motar gida ba. Ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da ka saya da sunan shagon, domin takardun motar lambar tsohon inji ce a jikinsu, kuma har yanzu da sunan mahaifinka. Ka je ofishin lasisi a gyara duka biyun, bayan kun zauna da mahaifiyarka da ƙannenka an san matsayin motar a cikin gado, tunda kuɗinka kaɗai za ka zuba a abin da ku duka kuke da haƙƙi a ciki. In an yi awon silindar, ka rubuto lambobin huɗu a takarda ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu duba tare kafin ka shiga Kano.