HUTU A JIRGIN RUWA LOKACIN ANNOBA

A ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya akwai wata irin tafiya ta hutu wadda ba domin a isa wani gari ake yin ta ba. Mutum yakan biya kuɗi ya shiga wani ƙaton jirgin ruwa, a ba shi ɗaki, a ci da shi a shayar da shi, jirgin kuwa ya yi ta zagaye da shi daga wannan tasha zuwa waccan har mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ya komar da shi inda ya ɗauko shi. A cikin jirgin akwai ɗakunan cin abinci da kantuna da gidan wasa da wurin ninƙaya, har da ɗan asibiti. Waɗansu 'yan Nijeriya masu hali, da waɗanda aiki ko karatu ya kai su ƙasashen waje, su ma sukan yi irin wannan hutu. Saboda haka ya kamata jama'a su san amsar wannan tambaya: ko hikima ce mutum ya shiga irin wannan jirgi sa'ad da annoba ta game duniya?

Jirgin ruwa da annoba tsofaffin abokan tafiya ne. Murar nan ta 1918, wadda Hausawa suka kira Marisuwa, ta ruwa ta shigo ƙasar nan, a cikin wani jirgi mai suna Bida da ya iso Legas a watan Satumba na shekarar, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa ta yi arewa. Amma darasin da ya fi kusa shi ne na cutar korona a shekarar 2020, gama an rubuta labarinsa filla-filla.

LABARIN DIAMOND PRINCESS

Ran 20 ga Janairu 2020 jirgin Diamond Princess ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan. Wani dattijo ɗan shekara 80 ya shiga a ranar, ya sauka a Hong Kong bayan kwana biyar. Sai ran 1 ga Fabrairu aka tabbatar yana ɗauke da korona, alhali jirgin ya riga ya yi gaba, ana ta cin abinci tare, ana kiɗa ana rawa. Da jirgin ya komo Yokohama ran 3 ga wata, hukumomin Japan suka hana kowa sauka. Mutum 3,711 ne a ciki, fasinjoji 2,666 da ma'aikata 1,045. Daga ran 5 ga wata aka umarci fasinjoji kowa ya zauna a ɗakinsa har kwana 14.

Kafin a gama, mutum 712 sun kamu, watau kusan ɗaya cikin kowane biyar, fiye da goma kuma suka rasu. Akwai lokacin da masu cutar a wannan jirgi guda suka fi rabin dukan waɗanda aka sani suna da ita a duniya in an cire ƙasar Sin. Kyaftin ɗin jirgin, Gennaro Arma, shi ne na ƙarshen sauka, ran 1 ga Maris.

Abin da ya jawo haka ba ƙazanta ba ce, domin jiragen nan ana share su ana goge su dare da rana. Ƙirar jirgin da irin zaman cikinsa su ne dalili. Jirgin bai kai tsawon mita 300 ba, amma an zuba masa mutane yawan na ƙaramin gari. Hanyoyin cikinsa matsattsu ne. Ɗakuna masu arahar kuɗi a tsakiyar jirgin suke, ba su da ko taga. Mutane ɗaruruwa sukan taru a ɗakin cin abinci guda, su zauna sa'a ɗaya ko biyu suna hira, iskar da wannan ya fitar ita wancan yake shaƙa. Korona kuwa cuta ce mai bin numfashi. Har wa yau, kusan rabin waɗanda aka sami cutar a jikinsu ba su nuna wata alama ba a lokacin da aka gwada su. Ba tari, ba zazzaɓi. Saboda haka auna zafin jikin mutane a bakin ƙofa, abin da aka dogara da shi a farkon annobar, bai iya tsare kowa ba.

Sai kuma shekarun fasinjoji. Irin wannan hutu ya fi jan waɗanda suka yi ritaya, domin su suke da lokaci da kuɗin da suka tara. Rabin fasinjojin Diamond Princess sun kai shekara 69 ko sun wuce. Su ne kuwa cutar ta fi yi wa illa, musamman masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Asibitin jirgi an yi shi ne domin wanda ya zame ya karye, ko wanda ciki ya murɗa masa, da likita ɗaya ko biyu da 'yan ma'aikatan jinya. Ba a yi shi domin mutum ɗari da numfashi ya sarƙe musu a mako guda ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Za a iya kulle fasinja a ɗaki, amma ba za a iya kulle wanda zai dafa masa abinci ya kai masa ba. Ma'aikatan jirgin, akasarinsu 'yan Filifin da Indiya da Indonisiya, sun ci gaba da aiki, suna kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakuna na ƙasan jirgi, suna ci a wuri ɗaya. Daga cikin ma'aikata 20 na farko da suka kamu, 15 masu aikin abinci ne. Killacewar da aka yi ta rage wa fasinjoji haɗari, ta bar masu hidima a tsakiyarsa.

SHIGA DA SO, FITA DA IZINI

Wanda yake hutu a otal, in ya ji cuta ta ɓulla a garin, sai ya ɗaure kayansa ya biya kuɗin ɗaki ya nemi mota. Wanda yake cikin jirgin ruwa ba shi da wannan dama, kyaftin ɗin ma ba shi da ita. Kafin jirgi ya sauke mutane a kowace tasha, wajibi ne ya ba jami'an lafiya na tashar bayanin marasa lafiyar da ke cikinsa, su kuwa su ba shi izini ko su hana. Ƙa'idodin Kiwon Lafiya na Duniya na 2005 sun ce kada a hana jirgi tsayawa saboda cuta sai da hujja, amma da tsoro ya kama gwamnatoci a 2020, kowace ƙasa ta kanta ta yi.

Jirgin Westerdam ya bar Hong Kong ran 1 ga Fabrairu 2020 da mutum fiye da 2,000. Ba a tabbatar da cutar a jikin kowa a cikinsa ba, duk da haka Filifin da Japan da Tailan suka ƙi karɓarsa. Ya yi ta gararamba a teku har ran 13 ga wata, sa'ad da Kambodiya ta yarda ya tsaya a Sihanukbil. Na Zaandam ya fi muni. Ya tashi daga Ajantina ran 7 ga Maris, Cile ta hana shi sauke mutane, cuta ta ɓarke a ciki, mutum huɗu suka rasu a kan ruwa. Da ƙyar aka bar shi ya ratsa mashigin Fanama, bai sami sauka ba sai ran 2 ga Afrilu a Fulorida ta Amurka.

In abu ya ɓaci haka, wa ke da alhakin fasinja? Diamond Princess tutar Ingila yake ɗauke da ita, kamfanin Amurka ke tafiyar da shi, yana tsaye a tashar Japan, mutanen cikinsa kuwa daga ƙasashe fiye da hamsin. A ƙarshe ƙasashe masu ƙarfi, irin su Amurka da Kanada da Ostireliya, suka aiko da jiragen sama suka kwashe 'ya'yansu, suka sake killace su kwana 14 a gida. Wanda ƙasarsa ba ta aiko ba sai ya jira. Ma'aikatan jirage dubun dubata sun yi watanni a teku a shekarar ba su ga iyalinsu ba.

Ɗan Nijeriya ya kamata ya yi wa wannan batu karatun ta-natsu. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai korona a Legas. Ran 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen sama na Legas da Abuja ga jiragen ƙasashen waje, ba a buɗe su ba sai ran 5 ga Satumba. Wanda ya fita hutun mako biyu a tsakiyar Maris ya sami kansa a ƙasar mutane, guzuri yana ƙarewa, biza tana gab da mutuwa. An yi jigilar kwaso 'yan ƙasa daga watan Mayu, amma matafiyan su suka biya kuɗin kujera. Ga kuma wata matsala da Bature bai cika damuwa da ita ba: in an karkatar da jirgi zuwa ƙasar da ba ta cikin tsarin tafiya, mai fasfon Nijeriya zai iya isa wurin ba shi da bizar shiga.

HAƘƘIN NA GIDA

Haɗarin bai tsaya kan matafiyi shi kaɗai ba. Jirgin Ruby Princess ya bar Sidni ran 8 ga Maris 2020, wata guda cur bayan duniya ta ga abin da ya auku a Yokohama. Gani ga wane bai isa wane tsoron Allah ba a nan. Da jirgin ya komo ran 19 ga wata, aka bar fasinjoji wajen 2,700 suka sauka tun sakamakon gwajin marasa lafiyar cikinsa bai fito ba. Suka shiga motoci da jiragen ƙasa da na sama, suka watsu cikin Ostireliya da wajenta. Ɗaruruwa suka kamu, mutum 28 suka rasu. Kwamitin bincike a ƙarƙashin lauya Bret Walker ya ɗora babban laifin sakin fasinjojin a kan hukumar lafiya ta jihar. A watan Oktoba 2023 kuma Kotun Tarayya ta Ostireliya ta yanke hukunci cewa kamfanin ya yi sakaci, ya kamata tun farko ya soke tafiyar. Mai karatu ya lura: kamfani bai soke ba, gwamnati ba ta hana ba, tikiti kuma yana hannu. Wanda yake jiran sai an hana shi kafin ya fasa, to, ya makara. Sai ran 14 ga Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da tashin waɗannan jirage daga tashoshinta.

TO, YAUSHE YA DACE?

Annoba ba ta zama iri ɗaya daga farkonta har ƙarshenta, amsar ma haka take. A farko, sa'ad da cuta take sabuwa, ba a san yadda take yaɗuwa ba, ba allurar riga-kafi, ba magani, ƙasashe kuma suna rufe iyaka ba sanarwa, babu wani dalili da zai sa mai hankali ya shiga jirgin shaƙatawa, yaro ne ko babba. Tafiyar ba ta neman magani ba ce, ba ta neman abinci ba, hutu ne, hutu kuwa ana iya ɗaga shi. A irin wannan lokaci ne kamfanoni sukan karya farashi, amma araha ba ta ado.

Daga baya lissafi yakan sauya. A watan Agusta 2020 jirgin MSC Grandiosa ya tashi daga Jenowa ta Italiya da ragin fasinjoji, aka gwada kowa kafin ya shiga, aka hana kowa yawo shi kaɗai a tasha. Daga Amurka kuwa ba a koma tashi ba sai watan Yuni 2021, bayan an sami allurar riga-kafi. Waɗannan matakai sun rage mace-mace ƙwarai, amma ba su hana kamuwa ba. Wani ƙaramin jirgi mai suna SeaDream I ya tashi daga Barbados a watan Nuwamba 2020 bayan an gwada kowa, cikin 'yan kwanaki aka sami masu cutar aka juyo da shi, domin gwaji ba ya ganin ƙwayar cutar da ta shiga jiki jiya ko shekaranjiya. Da nau'in Omikron ya ɓulla, hukumar Amurka ta sake gargaɗi ran 30 ga Disamba 2021 cewa kowa ya guji jiragen, ko ya yi allura ko bai yi ba. Ba ta janye gargaɗinta kan jiragen gaba ɗaya ba sai a watan Maris 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona ran 5 ga Mayu 2023.

A irin wannan tsaka-tsakin lokaci, mai ƙuruciya da ƙoshin lafiya wanda ya cika allurarsa zai iya tafiya, in ya yarda cewa mai yiwuwa ne ya ƙare hutunsa a kulle cikin ɗaki. Dattijo, da mai ciwon sukari ko na zuciya ko na huhu, da mace mai ciki, da wanda zai komo gidan da akwai tsofaffi, su haƙura ya fi musu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya ƙudura tafiya, tun kafin ya biya ko kwabo ya nemi a nuna masa a rubuce abin da zai faru da kuɗinsa in an soke tafiyar, domin a 2020 mutane da yawa takardar bashin wata tafiya aka miƙa musu maimakon kuɗi. Ya karanta takardar inshorarsa da kyau, gama da yawa sukan cire annoba daga abin da suke biya, ya kuma tabbata ta ƙunshi ɗaukarsa daga jirgi zuwa asibitin tudu, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Likitan jirgi ma ba kyauta yake duba mutum ba. Gajeruwar tafiya wadda ba ta nisa da gaɓa ta fi mai ratsa teku, ɗaki mai baranda kuma ya fi na tsakiya ko da ya fi tsada. Mai shan magani kullum ya riƙi na ƙarin mako biyu ko uku a jakar hannunsa, tare da katin allurar shawara, ya kuma bar wa iyalinsa sunan jirgin da jerin tashoshin da zai tsaya da adireshin ofishin jakadancin Nijeriya mafi kusa da kowace tasha.