Ƙiradi A Lokacin Tsoro: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ƙasar Sakaba da ke masarautar Zuru ƙasa ce ta noma, fatake sun daɗe suna shiga ƙauyukanta sayen dawa da masara da dabbobi. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a wannan yanki, suka kashe fiye da mutum 60. Attajirai suka rabu biyu. Wasu suka ɗaure bakin jakarsu. Wasu kuwa suka ga hatsi ya yi araha a ƙauye ya yi tsada a gari, suka ba yaransu kuɗi su shiga.

Shari'a ba ta zargi kowanensu ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga Sarag da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, kuma ba a ce ya rasa tawakkali ba. Wanda ya shiga ma bai yi caca ba, domin fatauci kansa kasada ne. Garari da aka hana shi ne cinikin abin da ba a san ko akwai shi ba, kamar ɗan da ke cikin saniya.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aka tare yaron a hanya aka ƙwace dukiyar. Sau da yawa sai maigida ya ce a biya shi, har a sayar da gonar uban yaro. Wannan zalunci ne.

Ba da jari ga wani ya juya a raba riba shi ake kira ƙiradi, kuma Imamu Malik ya keɓe masa babi a Muwaɗɗa. Hukuncinsa shi ne, riba a raba ta bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi, ba a yanka wa ɗayansu adadin kuɗi tsayayye. Asara kuwa kan mai dukiya take, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. In mai dukiya ya sharɗanta masa lamunin jarin, to ƙiradin ya ɓaci, domin wanda ba ya ɗaukar asara ba shi da haƙƙin cin riba. Abin mamaki, mai yin wannan sharaɗi yakan kasance mutumin da ke ƙyamar ruwan banki, alhali abin da ya nema ɗan'uwansa ne.

Amma ba a bar attajiri hannu sake ba. An ruwaito cewa Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi kan sharɗanta wa mai juya dukiyarsa kada ya hau teku da ita, kada ya sauka cikin kwari, kuma malaman Malikiyya sun ambaci tafiyar dare a cikin irin waɗannan sharuɗɗa. Saboda haka mai jari a Zuru yana iya cewa kada a bi hanya kaza, kada a kwana da kuɗi a ƙauye, kada a taso da lodi bayan la'asar. In yaro ya saɓa aka yi asara, ya biya. In ya kiyaye aka tare shi da rana tsaka, babu ko kwabo a kansa. Ya kamata a faɗi sharuɗɗan nan gaban shaidu, ko a rubuta su, tun kafin mota ta tashi daga tasha.

Allah Shi ne mafi sani.