DARASI: KUƊIN HAYA A ABUJA DA HAKKIN ƊAN'UWA

Karatu: Kubawar Shari'a 24:10-13, Ishaya 5:8, Ayyukan Manzanni 28:30-31

Littafin Ayyukan Manzanni ya ƙare da wani labari da ba mu cika lura da shi ba. Manzo Bulus ya yi shekara biyu cif a birnin Roma a gidan haya, nan yake karɓar duk mai zuwa wurinsa, nan kuma yake koyarwa. Ashe kuwa zaman haya ba abin kunya ba ne, ba da haya kuma ba zunubi ba ne. Abin da za mu bincika yau shi ne yadda ake saka kuɗin da yadda ake karɓarsa. Za mu ɗauki Abuja misali, domin da wuya a sami majami'a a cikinmu wadda ba ta da ɗa ko 'ya da ke neman abinci a can.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Jama'a sun yi ta kwarara fiye da yadda aka gina gidaje. Daga 2003 gwamnati ta daina ba yawancin ma'aikatanta gida, ta koma ba su kuɗi a madadinsa, daga baya ta sayar da gidajen. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka rushe unguwanni da dama da aka ce an gina su ba bisa tsari ba. Ƙaramin ma'aikaci sai ya ja da baya: Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, har Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja. Akwai 'yan'uwanmu da ke aiki a Babban Dayosis na Abuja, amma a Dayosis na Lafiya ko na Minna suke kwana. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye sauƙin da suka je nema a bayan gari.

Bari mu yi lissafi. A 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, wato naira 840,000 a shekara. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a ƙasashe da yawa shi ne kada muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Ga mai wannan albashi, hakan ya kama naira 21,000 a wata, ko 252,000 a shekara. Yanzu mu ƙaddara ya ga ciki da falo an ce naira 600,000. Dillali zai nemi kashi 10 cikin 100, a nemi wani kason na lauya da takardar yarjejeniya, a ƙara da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Kafin ya riƙe makulli, an kai shi wajen naira 720,000 ko fiye, albashinsa na sama da wata goma, bai ci ba, bai sha ba, bai biya wa yaro makaranta ba.

Nan ne babban nauyin yake, kuma nan muke so mu daɗe. Ana biyan ma'aikaci wata-wata, bayan ya gama aikin. Mai gida kuwa yana karɓar na shekara guda, wani ma na shekara biyu, tun mutum bai kwana a ɗakin ba. Ma'anarsa ita ce wanda ba shi da gida shi ne ke ba mai gida rance na wata goma sha biyu ba tare da ruwa ba, alhali shi kansa sai ya ciyo bashi da ruwa kafin ya haɗa kuɗin. Ko kuma ya sayar da akuyar mahaifiyarsa a ƙauye, ko matarsa ta kwashe adashin da ta yi niyyar yin jari da shi. Mutum zai iya ɗaukar naira 50,000 a kowane wata da ƙyar, amma 600,000 a rana ɗaya tana karya shi. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. A 2022 an kawo ƙuduri gaban Majalisar Dattawa domin a koma biyan wata-wata a Abuja, amma har yanzu biyan shekara ne al'ada.

Me Maganar Allah ta ce? A Kubawar Shari'a an hana mai bin bashi shiga gidan wanda yake bi domin ɗauko jingina. A waje zai tsaya. In kuwa mayafin matalauci ya karɓa, sai ya mayar kafin faɗuwar rana domin mutumin ya sami abin rufa. Doka ba ta soke bashin ba, amma ta kare wurin kwanan mai bashi da mutuncinsa. Annabi Ishaya kuwa ya yi kashedi ga masu tara gida a kan gida har wasu su rasa wurin zama. Duk wanda ya ratsa Maitama ko Asokoro ya ga manyan gidaje a kulle ba kowa sai mai gadi, zai gane annabin ba da mutanen da kaɗai yake ba.

Ikkilisiya ma ba ta yi shiru ba. A 1963 Paparoma Yohanna na 23 ya lissafta muhalli cikin hakkokin ɗan Adam tare da abinci da sutura. A 1983, a zamanin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, Fadar Vatikan ta fitar da takardar hakkokin iyali, inda ta ce iyali na da hakkin samun gida da ya dace da yawan mutanensa. Koyarwarmu ta amince da mallakar dukiya, amma ta ce Allah ya yi arzikin ƙasa domin kowa, saboda haka mai dukiya mai riƙon amana ne.

Ba mu ce kowane mai gida azzalumi ba ne. Akwai gwauruwa da ɗakuna uku ne abincinta, akwai tsoho da ya zuba kuɗin sallamarsa a gini, buhun siminti kuma ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Akwai kuma ɗan haya mai hali da ke ƙin biya, ya lalata ɗaki ya gudu da dare. Wannan sata ce, ko da yana cikin mawaƙan majami'a. Amma ko mai gida na da gaskiya, dokar da ke aiki a Abuja ta ce a ba ɗan hayan shekara notis na wata shida, na wata kuma notis na wata guda, sannan wani na kwana bakwai, kotu ce kuma ke fitar da mutum. Cire ƙofa ko kwano, ko watsa kaya waje, laifi ne a gaban hukuma, zunubi ne a gaban Allah.

Mu kanmu ba mu kuɓuta ba. Majami'un da ke da shaguna ko ɗakunan haya su duba yadda suke karɓa, su kuma duba ko abin da suke biyan katikis da malamin makaranta da mai gadi ya isa ya kama ɗaki kusa da wurin aiki.

Mai gida da ɗan haya benci ɗaya suke zama ranar Lahadi, su miƙa wa juna hannun salama kafin su karɓi Jibi Mai Tsarki. Mai gida Katolika ba ya bukatar jiran majalisa kafin ya karɓi kuɗinsa wata-wata ko wata uku-uku daga wanda ya riga ya san amanarsa, ko ya sanar da ƙarin kuɗi tun da sauran wata shida, ko ya ba da ɗaki ba ta hannun dillali ba.

A taron ƙungiyoyi na wannan mako, Zumuntar Mata da ta Maza da Matasa su tattauna: mutum nawa ne a cikinmu hayarsu za ta ƙare kafin Kirsimeti? Za mu iya kafa asusun rance marar ruwa domin haya, wa kuma zai riƙe shi? Wanda aka ba notis, ko aka yi masa barazanar fitarwa da ƙarfi, ya kai takardunsa ga Fada ko ga wakilin Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya tun wa'adin bai cika ba.